Daga Jiƙo Zuwa Ƙwaya: Tarihin Magani Tsakanin Zangon Lome Da Bakin Teku

Ta ƙofa biyu magani ya shigo birnin Lome. Ta arewa ya zo a cikin burgami da mangalar jakai, saiwa da sassaƙe da kanwa, a hannun fataken Hausa. Ta kudu kuma jiragen ruwa ne suka sauke shi a cikin akwatuna, kwalabe da ƙwayoyi da allurai, a hannun Turawa. Sama da shekara 100 ke nan waɗannan biyun suna zaune gida ɗaya a Zango. Wanda ya bi tarihinsu zai ga cewa duk lokacin da siffar magani ta sauya, sai wanda majinyaci ke danƙa wa amanarsa shi ma ya sauya.

Abin da fatake suka zo da shi

Tun kafin Turawa su iso, ayarin Kano da Katsina da Sakkwato suke bin hanyar Gwanja zuwa Salaga sayen goro. Cikin kayan da suke kaiwa har da kanwa, wadda ake sa wa a girki, a ba dabbobi, a kuma haɗa magani da ita. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga, 'yan kasuwa suka watsu zuwa Kete-Krachi da sauran garuruwa, wasu suka gangaro har gaɓar teku. Jamusawa sun kafa ikonsu a Togo a 1884, suka mayar da Lome hedikwata a 1897, Zango kuwa ya yi ta bunƙasa da masu gida masu saukar da fataken shanu da na goro. Inda duk fatake suka yada zango, malami da mahauci da wanzami da mai magani suna biye.

Mai maganin Hausa bai taɓa ɗaukar itace a matsayin abu guda ba. Yadda za a sarrafa shi ya danganta da cutar da kuma mai cutar. Ganye ko sassaƙe mai saurin sakin ruwa akan jiƙa shi ya kwana, a tace da safe a sha: jiƙo ke nan. Saiwa mai tauri, ko ɓawon maɗaci da na marke, sai an ɗora tukunya an tafasa, sau da yawa tare da jar kanwa. Tsimi kuwa barinsa ake yi a tulu kwana da kwanaki har ya yi ƙarfi. Jariri dauri ake ba shi, mai jego ta sha kunun kanwa ta yi wankan ganye.

Gari shi ne abokin matafiyi. A shanya ganyen sabara ko na filasko, a daka, a tankaɗe, a ƙulle a tsumma. Zai yi watanni a kan hanya bai lalace ba, kuma a duk inda aka sauka sai a barbaɗa a kunu ko fura ko nono, ko a cuɗa da zuma don a kashe ɗacinsa. Abin da ba na sha ba kuma yana da tasa hanyar. Mai mura ko zazzaɓi a lulluɓe shi da bargo a kan tukunya mai tururi ya yi sirace. Wani maganin a zuba a garwashi a shaƙi hayaƙinsa. Na fata da na gaɓoɓi a kwaɓa da man kaɗe ko man shanu a shafa. Ido yana da kwalli, wanzami yana da ƙaho da aska, malami yana da allo da tawada, ya rubuta a wanke a sha.

Wannan sani bai tsaya a baki kawai ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan magani, har da na ciwon ido da na basur da amfanin filasko wajen wanke ciki. Sai dai ma'auni ya kasance na ido da hannu: abin da yatsa uku suka tsunkuto, cikin tafin hannu, ludayi ɗaya safe da yamma. Raunin wannan tsari ke nan, domin saiwar bana ba lallai ta yi ƙarfin ta bara ba. Ƙarfinsa kuma shi ne mai saye yana ganin abin da aka ba shi, ya sansana, ya ɗanɗana, ya kuma san gidan wanda ya ba shi. In magani ya yi ɓarna, an san ƙofar da za a je.

Abin da jirgi ya sauke

A Turai, ƙarni na 19 ne ya sauya kamannin magani. A 1820 wasu masu haɗa magani biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka tsamo sinadarin kwinin daga ɓawon itacen sinkona, wanda a da garinsa ake jiƙawa a sha. A 1843 William Brockedon na Ingila ya yi rajistar dabarar matse gari ya zama ƙwaya. A 1853 Alexander Wood a Sikotilan da Charles Pravaz a Faransa suka fito da sirinji mai allura. Daga nan aka iya cewa ga adadin maganin da ke cikin kowace ƙwaya, yau da gobe duk ɗaya.

Waɗannan kaya sun iso Togo tare da likitocin mulkin mallaka. Jamusawa sun buɗe asibitin Nachtigal a Aneho a 1894, suka kammala gadar sauke kaya ta Lome a 1904, saboda igiyar ruwan wannan gaɓa ba ta barin jirgi ya matso. Kwinin aka fi buƙata, don kare Turawa daga zazzaɓin cizon sauro. Allura kuwa da ɗaci ta fara. Daga 1908 Jamusawa sun tsare masu ciwon barci a wani sansani a Kluto, a tsaunukan da ke kusa da Kpalime, suna yi musu allurar Atoxyl, maganin da ke ɗauke da gubar arsenik, wanda ya makantar da wasu. Mutane suka riƙa ɓoye majinyatansu.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai labari ya juya. Allurar penisilin ta riƙa warkar da gyambo da tunjere cikin 'yan kwanaki a idon kowa, har jama'a a faɗin Afirka ta Yamma suka ɗauka cewa wanda ya je asibiti ba a yi masa allura ba, ba a duba shi ba. Wannan fahimta tana nan har yau, ko da yake cututtuka da yawa ƙwaya ta ishe su, kuma allurar da aka yi da sirinji mara tsabta na iya shuka wata cutar.

Sabuwar tasha, sabon Zango

Togo ta sami 'yanci a 1960. A 1968 aka buɗe tashar jirgin ruwa mai zurfi a gabashin Lome, manyan jirage suka fara jingina da gaɓa. Ita ce ta zama mashigar kaya ga Burkina Faso da Nijar da Mali, ƙasashen da ba su da teku. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zango da ke tsakiyar birni, aka mayar da mazaunansa wajen gari, kimanin kilomita 15 ta arewa, a gefen babbar hanyar da motocin kaya ke bi zuwa Cinkasse. Maganin da aka ƙera a Indiya ko Sin ko Faransa, in ya fito daga tasha zai nufi Yamai ko Maraɗi, ta ƙofar Zango yake wucewa.

Kowace siffa da ke cikin waɗannan kwantenoni tana da dalilinta. Ƙwaya da kafso sun fi jure tafiya. Maganin ruwa an yi shi ne don yaron da ba ya iya haɗiya, amma ya fi saurin lalacewa, shi ya sa wasu ke zuwa a gari cikin kwalba, sai ranar sha a zuba ruwa mai tsabta, a kuma zubar da ragowar bayan 'yan kwanaki. Allura da ƙarin ruwa na wanda ciwo ya kayar ne. Akasarin alluran rigakafi kuwa dole su zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har dantsen yaro. Ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa, wanda ake kaɗawa a lita ɗaya ta ruwa, ya ceci miliyoyin yara a duniya, kuma mai maganin Zango na da zai gane shi nan take a matsayin gari a ruwa, illa dai wannan an auna shi.

Ranar da aka yanka fakiti

Ƙwaya fara ce ko ja, ba ta da ƙamshin da za a gane ta da shi. Mai sha ba ya ganin abin da ke cikinta, don haka amanarsa ta koma kan kwali da takarda: sunan magani, ƙarfinsa, ranar ƙarewar wa'adinsa, da hukumar da ta amince da shi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farashin maganin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, talaka ya juya wa farmasi baya ya koma ga mai tire da mai tebur. Can ake yanka fakiti da almakashi a sayar da ƙwaya biyu ko uku daidai kuɗin mai saye, bayan ta wuni a rana da laimar teku. A wannan ciniki an yi biyu babu: ba a ga saiwa ba, ba a kuma ga takarda ba.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko mara inganci. A ƙarshen wannan shekarar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi gargaɗi a kan kwararar tiramadol ta tashoshin gaɓar Gini zuwa Sahel. Abin da likita ya saba rubutawa miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ke hannun matasa yakan kai 225. A 2022 yara kusan 70 suka mutu a Gambiya bayan shan maganin tari na ruwa mai gurɓataccen sinadari.

A ranar 18 ga Janairu, 2020, ƙasashen Togo da Nijar da Ghana da Senegal da Uganda da Kongo Brazzaville suka haɗu a Lome suka ɗauki alkawarin mayar da safarar jabun magani babban laifi a dokokinsu. Mataki ne mai kyau, amma doka a bakin tasha take tsayawa in ba ta sami masu riƙe ta a cikin unguwa ba.

Nauyin yana kan mutanen Zango kamar yadda yake kan hukuma. Masu maganin gargajiya su riƙe gadonsu da tsabta da ma'auni, su faɗi abin da ke cikin gorar da suke sayarwa, su guji niƙa ƙwayar Bature a cikin jiƙo don ya yi saurin aiki. Sarakunan Zango da limamai da masu gida su tsawata wa masu tallar ƙwaya a kan tire. Kai kuma mai saye, kada ka karɓi ƙwayar da aka raba da kwalinta, kada ka ba ɗanka maganin ruwan da ba ka san inda ya fito ba. Kakanninmu ba su sha jiƙo daga hannun wanda ba su san gidansa ba, bai kamata mu yi sakacin da su ba su yi ba.