Idan kwamfuta tana mutuwa ko murya ba ta fita da kyau

A Birnin Konni, Malbaza da Illela, mutane da dama suna ɗaukar murya da kwamfuta a gida ko a shago: wa'azi, waƙar biki, taron ƙungiyar manoman albasa, ko tarihin gari daga bakin wani dattijo. Idan kwamfuta ta mutu ana tsakar ɗauka, maganar takan tafi ke nan, domin ba kullum ake sake samun mai ita ba. Kafin ku biya mai gyara, ku fara duba zafi, ƙura da wutar lantarki.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a wannan yanki. Cikin kwamfuta akwai ƙaramar fanka mai fitar da zafi, ƙurar hunturu kuwa tana toshe mata hanya. Alamar ita ce fankar ta yi ta ƙara, jikin kwamfutar ya yi zafi, can sai ta ɗauke. Ba lalacewa ta yi ba, kashe kanta ta yi don kada ta ƙone. Kada ku ɗora ta a kan katifa ko tabarma. Ku sa ta a tebur inda iska za ta shiga ta ƙasa. Ku kashe ta, ku zare waya, ku kakkaɓe ramukan iska da buroshi mai laushi, ban da ruwa. Sai tana kashe ake lulluɓe ta da zane. In da hali, ku yi aikin da sassafe.

Wutar gida volt 220 ce, amma takan yi sama da ƙasa, musamman ta janareta. An buɗe tashar wutar hasken rana mai ƙarfin megawat 7 a Malbaza a 2018, duk da haka ƙasar ta sha duhu lokacin da Najeriya ta yanke wuta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Kwamfutar tebur tana bukatar akwatin batir mai riƙe wuta na 'yan mintuna, wanda ake kira onduleur da Faransanci. Mintunan nan sun isa ku adana aikinku.

Game da murya, kowane aibi da dalilinsa. Idan kun ji gurnani a ƙarƙashin magana, ku zare cajar kwamfutar hannu ku ɗauka da batir. In gurnanin ya ɓace, daga wuta yake. Idan muryar tana fashewa, ƙarfin ɗauka ne ya yi yawa: ku rage shi har alamar ta daina kaiwa ja, makirfo kuma ya yi nisan taƙi ɗaya daga baki. Muryar da ta riga ta fashe ba ta gyaruwa daga baya. Ku kashe fankar ɗaki, ku nisanci janareta, ku kawar da wayar salula. Ɗakin ƙasa mai tabarmi da labule ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano, wanda ke amsa amo.

Idan kuwa muryar tana tsalle, wataƙila wurin ajiya ne ya cika. Minti ɗaya na WAV yana cin kusan megabait 10, sa'a ɗaya kusan 600. Ku rufe sauran manhajoji. Ku ɗauki minti ɗaya na gwaji, ku saurara da abin kunne, sa'an nan ku ce wa baƙo ya fara.

In dai sai an je wurin mai gyara, ku kwafe muryoyinku a katin memori ko wata ma'ajiya tukuna. Wasu masu gyara sukan fara da goge kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka ku gaya masa tun a bakin ƙofa kada ya goge komai sai ya tambaye ku.