Daga Wasiƙar Sarki Zuwa Biza: Tarihin Takardun Hanyar Makka

Da editan wannan mujalla tamu ya nemi in rubuta wani abu a fannin tarihi, sai na ga ya dace in ɗauko abin da ya shafi kusan kowane gida a cikinmu, wato takardun da ake nema ga mai niyyar zuwa Makka. A yau idan aka ce wane zai sauke farali, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne fasfo, da biza, da katin allura, da awon kaya. Mun saba da su har muna ganin kamar tare suka taso da hanyar. Alhali kuwa mafi tsufa a cikinsu bai fi shekara 100 da 'yan kai ba a ƙasar nan, ita kuwa hanyar an haura shekara 800 ana bin ta. Ni ma'aikacin gwamnati ne, takarda ce sana'ata, na kuma lura cewa babu takardar da ke faɗowa daga sama. Kowace akwai abin da ya haife ta, galibi kuma ba abin daɗi ba ne.

Sarakunan Kanem sun fara zuwa hajji tun ƙarni na 12, har a ƙarni na 13 aka tanadar wa mutanensu makaranta da masauki a birnin Alƙahira. Babbar hanyar wancan lokaci ta Sahara ce, a bi ta Agadas ko ta Kawar, a faɗa Fazzan, a isa Masar, sannan a shiga ayarin Misirawa zuwa Hijaz. Ba wanda zai tambaye ka fasfo, amma wannan ba ya nufin tafiya ce ta ganin dama. Izini na farko na iyaye ne. Tarihi ya nuna cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana saurayi ya bi malaminsa, Malam Jibrilu, har Agadas, amma da malamin zai wuce Makka sai ya mayar da shi gida saboda bai sami izinin mahaifinsa ba. Babban malami ko ɗan sarauta yakan riƙe wasiƙar sarkinsa mai hatimi, wadda zai nuna wa sarkin ƙasar da ya shiga domin a ba shi masauki da ɗan rakiya. Talaka kuwa madugu ne fasfonsa, shi ya san shi, shi zai tsaya masa. Kwastan ma akwai irin ta lokacin, wato kuɗin fito a bakin kogi da gaisuwar da ake kai wa mai gari a kowane zango. Sai dai ba a rubuce suke ba, ciniki ake yi, madugu mai baki yakan rage wa ayarinsa asara.

Akwai kuma hanyar gabas, ta Wadai da Darfur, wadda ta bunƙasa ƙwarai bayan zuwan Turawa. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita da jama'a mai ɗimbin yawa ya nufi gabas, Turawa suka cim masa a Burmi, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin Kogin Nilu, kusa da Sinnar a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau. Daga nan hanya ta buɗe: Maiduguri, Fallomi wato Njamena ta yau, Abashe, Janaina, Fashir, Ubayyid, Hartum, sai Sawakin a bakin Bahar Maliya.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, domin wannan hanya ita ce hajjin talaka. Mutum bai buƙatar ya tara kuɗin tafiya kafin ya tashi. Sana'arsa ce guzurinsa. Wanzami ya ɗauki zabirarsa, dukawa su ɗauki kayan jima, malami ya rataya gafakarsa, mace ta riƙe kaskon ƙosai. In guzuri ya ƙare a yada zango, a yi noma damina ɗaya ko biyu, a ƙara gaba. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka zama babbar matattarar mahajjatanmu, suna tsinkar auduga suna tara kuɗin jirgin ruwa. Tafiyar kan ci shekara biyar, ko bakwai, ko fiye. Ana yin aure a hanya, ana haihuwa, ana binnewa. A gidanmu ma akwai ƙanin kakan mahaifina, wanzami ne, wanda ya tashi da matarsa da jaki ɗaya. An raba masa addu'a kamar yadda ake yi wa wanda ba a sa ran dawowarsa, bai kuwa dawo ba. Bayan shekaru wani alhaji ya zo da saƙon baka cewa ya yi hajji, ya koma Sudan, yana da 'ya'ya shida.

To ina takardu suka fito? Tushensu na farko cuta ce. A 1865 annobar kwalara ta ɓarke a Makka ta kashe mahajjata wajen 15,000, waɗanda suka tsira kuma suka tafi da ita Masar, daga can ta haye Turai. Hankalin manyan ƙasashe ya tashi, suka yi taro a Istambul a 1866, daga baya aka kafa wuraren killace mahajjata, irin na Ɗur a yankin Sina'i da na tsibirin Kamaran. Mutanenmu a Sawakin ake tsare su, a yi musu allurar agana da ta kwalara kafin su hau jirgi. Duk wanda ya san Jidda ya san unguwar Karantina, to sunan daga wannan killacewa ya samo asali. Shi kuwa fasfo mai kamar littafi da muke riƙewa yau, a taron Paris na 1920 aka daidaita siffarsa, aka ce ya zama shafi 32.

A cikin shekarun 1920 ne gwamnatin mulkin mallaka ta fara tsara wa mahajjatan Nijeriya nasu fasfo, tare da sharaɗin ajiye wasu kuɗi domin dawowa. Kada mu ɗauka tausayi ne ya sa su. Babban abin da ke damunsu shi ne tsoron Mahadiyya, suna ganin duk mai kai da kawowa tsakanin Sudan da Arewa yana iya ɗauko wutar tawaye. Na biyu, ƙaramin jakadan Ingila a Jidda ya gaji da mutanen da guzuri ya yanke musu, waɗanda dole a mayar da su gida da kuɗin hukuma. Amma akwai dalili na uku wanda ni a ganina gaskiya ne, ko da daga bakin wa ya fito. Wasu marasa tsoron Allah kan ɗebi yara da mata da sunan 'ya'yansu ne ko matansu, in an haye teku su sayar da su. Bauta ba ta haramta a Saudiyya ba sai 1962. Rubuta sunan kowa da kowa a takarda, a ƙirga su a tafiya a ƙirga su a dawowa, ya ceci waɗansu daga cikin waɗannan yara.

Talakawa dai ba su karɓi tsarin hannu biyu ba, domin wanda ya tashi da sana'a kawai ina ya ga kuɗin ajiya? Da yawa suka riƙa kauce wa ofisoshi, su gangara gaɓar teku ta kudu da Sawakin ko ta wajen Musawwa, su shiga ƙananan jiragen ruwa na Larabawa da ake kira sambuk, a tsallaka da su da dare a zube su nesa da Jidda. Wasu sun isa, wasu teku ta ci su, wasu ƙishirwa. Masu hali kuwa tuni suka sami wata hanyar. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi ta jirgin ruwa a 1921, ya biya ta Ingila, ya yi hajji ya komo cikin 'yan watanni.

Takarda ta yi wa waɗanda suka zauna a Sudan wani abin daban. Dokar 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun kafin 1898. Galibin mutanenmu bayan 1903 suka iso. Ke nan mutum an haife shi a Jazira, bai taɓa ganin Kano ba, amma a takarda baƙo ne, Fallata ko Takari. An sassauta dokar daga baya, amma tabon ya daɗe.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa suka sauya da sauri. Motoci suka maida tafiyar shekaru ta zama ta watanni, sannan a shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar mahajjata daga Kano. A 1953 Alhaji Abubakar Imam ya kawo shawara a majalisa cewa a buɗe ofishin kula da alhazai a Jidda. Sardauna ya yi hajjinsa na farko a 1955, Malam Abubakar Gumi kuma ya yi aikin jami'in alhazai a Jidda a 1957. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, wadda bayan sauye-sauye ta zama hukumar da muke da ita tun 2006. Jirgin sama ba ya ɗaukar mutum sai da takarda, saboda haka wanda ya tsere wa fasfo a ƙasa bai tsere masa a sama ba. Hanyar ƙasa kuma rikicin Chadi da ya fara a 1965 ya raunana ta. Janaina da Fashir, tsofaffin zangunanmu, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya ɗaiɗaita su.

Lokacin arzikin man fetur, a 1977, alhazan Nijeriya sun haura 100,000. Da aljihun gwamnati ya ƙone sai ta fara ƙayyade adadi da kanta. Amma kujerar da muke jin ana rabawa yau daga waje ta zo. Bayan tarzomar Makka ta 1987, wadda ta ci rayuka fiye da 400, ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince a 1988 cewa kowace ƙasa a ba ta kujera 1 a kan kowane Musulmi 1,000. A kan wannan ma'auni aka ba Nijeriya kujeru 95,000 a 2023. Daga 2009 kuma Saudiyya ta daina karɓar fasfon alhazai na musamman, sai fasfon ƙasa da ƙasa.

Katin allura ma tarihinsa bai tsaya kan kwalara ba. Sanƙarau ya ɓarke a hajjin 1987, aka wajabta allurarsa. Yayyenmu a wannan ƙungiya za su tuna 1996, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a Arewa, Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya shiga, mutane sun biya kuɗi, sun yi sallama da dangi, suka kwance kaya. Akwai allurar shawara, aka kuma ƙara ɗigon shan inna bayan cutar ta sake bazuwa daga 2003. A 2020 da 2021 kuwa korona ta rufe ƙofa ga duk wanda ke wajen Saudiyya. Sharaɗin muharrami shi ma ya ga zamani. A watan Satumba na 2012 an tsare matan Nijeriya wajen 1,000 a filayen jirgin Jidda da Madina, aka dawo da da yawa daga cikinsu, amma a 2022 Saudiyya ta sanar cewa ta janye wannan sharaɗi daga dokokin biza.

Wajen kwastan, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne goro. Kakanninmu da shi suke cinikin da ke kai su gaba, yau kuwa yana cikin kayan da ake gargaɗin alhazai kada su kuskura su saka a jaka. Zamzam da ake cika tulu da shi, yanzu lita 5 ce ga kowane alhaji. Mafi hatsari shi ne miyagun ƙwayoyi, domin hukuncin safararsu a Saudiyya kisa ne. Shi ya sa wanda ya ce ka riƙe masa ƙunshi ka kai wa ɗan'uwansa a Makka, ko surukinka ne, sai ya buɗe ka gani.

Sambuk fa, ya ɓace? Bai ɓace ba, kama ya sauya. Bizar Umra daban, ta ziyara daban, ta hajji daban, amma kowace shekara dillalai kan sayar wa mutane ta ziyara su ce da ita za a yi hajji. Wanda ya shiga haka ba shi da tanti a Mina, ba shi da mota, yana ɓuya daga 'yan sanda a cikin rana. A hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 50, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin 100 kuma ba su da izinin hajji. A 2025 tarar wanda aka kama ta kai riyal 20,000, da kora, da hana shiga ƙasar shekara 10.

Ban ga laifin ƙayyade adadi ba, Mina kwari ce mai iyaka, ba ta faɗaɗa don muna da yawa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk waɗannan takardu ba su bar gurbi ga mutum irin wanzamin gidanmu ba, wanda zai biya da ƙafarsa da sana'arsa. Yanzu sai an biya gaba ɗaya kafin a tashi. Na zauna a ofis na yi lissafi: kuɗin kujera a 2025 ya kai wajen naira miliyan 8 da dubu 400 ga alhazan yawancin jihohin Arewa, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne a wata tun 2024. Masinjan ofishinmu, in bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, sai ya yi wata 120 yana tarawa, wato shekara 10 cif, in har kuɗin kujerar ya tsaya inda yake ya jira shi.