Jami'ar Yamai da batun magada

Lokacin da aka buɗe Cibiyar Ilimi Mai Zurfi ta Yamai a shekarar 1971, wadda ba da jimawa ba ta zama jami'a, ƙasar Nijar ba ta da isassun ƴaƴanta da za su riƙe alli a gaban ɗalibai. Shugabanta na farko, masanin lissafi Boubakar Ba, ya fara aiki ne da malamai baƙi, galibinsu Faransawa. Dabarar gwamnati a wancan zamani ba ta da wuyar fahimta: a zaɓi haziƙan yara, a ba su kuɗin tallafin karatu, a tura su Dakar, Abijan, Faransa ko Tarayyar Sobiyet, in sun dawo kuma aiki na jiransu. Kuɗin yuraniyom na Arlit ne suka ɗauki wannan nauyi.

Akwai wanda ya riga ya share hanya. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, ya koyar da kimiyyar fizik a Dakar, Konakiri da Bamako kafin ya dawo gida a 1969. Tun a 1964 ya wallafa littafinsa kan ilimi a Afirka. Ya shugabanci jami'ar daga 1979, kuma sunansa aka raɗa mata a 1992, shekara guda bayan rasuwarsa.

Ƙarin girman malami kuwa ba a hannun minista yake ba. Hukumar CAMES, wadda shugabannin ƙasashe suka kafa a taronsu na Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, ita ke duba takardun kowa, kuma malaman wasu ƙasashe ne alƙalai. Tsarin ya kare matashi daga son kai da ƴan'uwantaka, wannan gaskiya ne. Sai dai yana neman bincike da aka buga, bincike kuma yana neman ɗakin gwaji, littattafai da lokaci.

A nan ne igiya ta tsinke. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, waɗanda a ganinsu na lokacin dalar da aka zuba a firamare ta fi ta jami'a riba. Aka rage tallafin karatu, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito zanga-zanga, aka kashe uku a gadar Kennedy. Bayan haka sai bashin albashi na watanni, shekarun karatu da suka tafi a banza, ga karyar darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994, wadda ta ninka farashin duk littafin da ya fito daga waje. Wanda ya gama digirin dakta a Faransa ko Kanada sai ya yi lissafi, ya zauna. Wanda ya dawo, ƙungiyoyin duniya da ayyukan raya ƙasa sun fi jami'a biya. Siyasa ma ta kwashi rabonta bayan Taron Ƙasa na 1991, wanda shi kansa malamin tarihi ne, André Salifou, ya shugabance shi. Babu dokar da ta ce a daina renon magada. Kasafin kuɗi ne ya yi wannan hukunci, shiru.

Giɓin bai fito fili sosai ba sai da aka faɗaɗa. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas, Diffa, Doso da Tilaberi. Jami'a ɗaya ta zama takwas, alhali malamai masu matsakaicin shekaru, waɗanda ya kamata su riƙe sassa, su ne ba a ɗauka ba shekaru ashirin baya. Malami ya kan taso daga Yamai, ya yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Damagaram, ya zuba darasin wata uku cikin mako biyu, ya koma. Sabon dakta kuwa, tun tawadar takardarsa ba ta bushe ba, sai a ɗora masa shugabancin sashe da ɗaruruwan takardun jarrabawa. Yaushe zai rubuta abin da CAMES za ta duba? Ga shi kuma ba a yarda mutum ya jagoranci mai neman digirin dakta sai ya hau matakin manyan malamai, don haka jinkirin mutum ɗaya yana tsare waɗanda ke bayansa.

Tsarin LMD, wato lisans, mastar da dakta, ya kawo makarantun horar da daktoci a Yamai, har ya zamana yaro na iya gama karatunsa ba tare da ya ƙetare teku ba, kuma sabbin jami'o'in sun ɗauki matasa da dama. Amma doguwar takaddamar 2018 zuwa 2019 tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'a, SNECS, ta fi karkata ne ga wanda zai naɗa shugaban jami'a, zaɓe ko dokar gwamnati. Gwamnati ta yi rinjaye a 2019, ɗalibai kuma suka yi asarar watanni na karatu, cikinsu har da masu shirin zama malaman gobe.