Zoben Gilas na Mutanen Rum da Darasin da ke Cikinsa

Tunda bikin zagayowar shekarar ƙungiyarmu ya zo, bari mu ɗan waiwayi tarihin wani abu da kusan kowaccenmu ke da shi a yatsa, wato zobe.

Kimanin shekara 2,000 da suka wuce, a daular Rum, zobe shi ne sa hannun mutum. Akan sassaƙa hoto a kan dutsen zoben, sai a danna shi a kan kakin da aka liƙe wasiƙa ko takardar bashi, ya zama hatimi. Masu hali su sayi dutse mai tsada. Talaka fa? Sai masu sana'ar gilas suka samo masa mafita. Suna narka yashi da kanwar da ake kawowa daga Masar, su sa launi, su danna narkakken gilas a cikin mazubi mai hoto. Ga dutsen zobe ya fito, ja ko shuɗi ko kore, a farashi mai sauƙi.

Kada mu ga abin da nisa. Masagan Bida, a ƙasar Nupe, da yashi da kanwa suka riƙa yin gilas ɗinsu na munduwa da duwatsun wuya, daga baya suka koma narka kwalabe.

Matsalar ta taso ne daga 'yan kasuwar da ke sayar da gilas da sunan dutse na gaske. Wani malaminsu, Pliny, wanda ya rasu a shekarar 79 Miladiyya, ya rubuta yadda ake gane jabu: dutse ya fi nauyi, ya fi sanyi idan an sa a baki, gilas kuwa akan ga 'yan kumfa a cikinsa.

To 'yan uwa, zoben gilas ba abin kunya ba ne. Ya buga hatimi daidai da na attajiri, kamar yadda dangwalen yatsan mai zuba kaɗan yake daidai da na mai zuba da yawa a littafinmu. Abin kunya shi ne algus. Mu da ke kasa sarƙa da 'yan kunne ran Talata a kasuwar Mafara, in ruwan zinari ne mu ce ruwan zinari ne. Wadda aka cuta sau ɗaya ba ta dawowa, kuma sunan ƙungiya za ta riƙa kira.

Allah ya bar zumunci, ya maimaita mana.