Yadda ake rabon ƙuri'a a Asusun Ba da Lamuni na Duniya

A Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya gare ta, komai talaucinta. A Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, nauyin muryar ƙasa yana bin nauyin aljihunta ne.

An aza harsashin asusun a watan Yulin 1944 a Bretton Woods ta Amurka, inda wakilan ƙasashe 44 suka hallara tun Yaƙin Duniya na Biyu bai ƙare ba. A lokacin mafi yawan Afirka na hannun Turawan mulkin mallaka. Najeriya sai a 1961 ta shiga, kuma yau mambobin sun kai 191.

Kowace ƙasa ana yanka mata kason kuɗin da za ta zuba, gwargwadon girman tattalin arzikinta da cinikinta da ƙasashen waje da kuɗin ajiyarta. Wannan kaso shi ke ƙayyade yawan ƙuri'unta, shi ne kuma ma'aunin bashin da za ta iya karɓa. Amurka na riƙe da kimanin kashi 16.5 cikin 100 na ƙuri'un, Najeriya kuwa kusan rabin kashi ɗaya. Manyan shawarwari, irin su sauya kason kansa, sai sun sami amincewar kashi 85, don haka Amurka ita kaɗai tana iya hana su wucewa. Gyaran da aka amince da shi a 2010 domin ƙara wa ƙasashe irin su Sin da Indiya murya bai fara aiki ba sai a 2016, bayan majalisar dokokin Amurka ta sa hannu.

Akwai kuma al'adar da ba a rubuce take ba: shugaban asusun daga Turai yake fitowa, na Bankin Duniya daga Amurka. Ngozi Okonjo-Iweala ta nemi kujerar bankin a 2012, aka bai wa Jim Yong Kim, ɗan takarar Amurka.

Tasirin tsarin ya fito fili a watan Agustan 2021, lokacin da asusun ya raba kuɗin ajiya na musamman na dala biliyan 650 saboda annobar korona. Da yake bisa kaso aka yi rabon, Afirka baki ɗayanta kimanin dala biliyan 33 ta samu, mafi tsoka kuma ya tafi ga ƙasashen da ba su cikin matsi.

Masu kare tsarin na cewa wanda ya fi zuba dukiya shi ya fi fuskantar asara, don haka ya cancanci ya fi faɗa a ji. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai sharuɗɗan bashin a kan mai karɓa suke sauka. Gwamnatin Janar Babangida ta ƙi karɓar bashin asusun a 1985, amma a 1986 ta ɗauki shirin SAP mai ɗauke da irin waɗannan sharuɗɗa. Aka karya darajar naira, kayan da 'yan kasuwa ke shigowa da su suka yi tsada, albashin ma'aikata ya daina kai su ƙarshen wata.

A watan Nuwamban 2024 aka ƙara wa ƙasashen Afirka kudu da Sahara kujera ta uku a majalisar zartarwar asusun, wadda yanzu ke da kujeru 25. Yawan ƙuri'unsu dai yana nan yadda yake.