Makaɗa Goma Sha Ɗaya a Garejin Karakas

Maƙalar wannan mako za ta kai mu Benezuwela.

A shekarar 1975, José Antonio Abreu, masanin tattalin arziki kuma makaɗi, ya kira matasa su zo atisayen kiɗa a wani garejin motoci a Karakas. Goma sha ɗaya suka zo. Daga nan aka samu tsarin da ake kira El Sistema: cibiyoyi a unguwanni, inda yaro ke zuwa bayan an tashi makaranta, a ba shi aron gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, a koya masa kyauta. Ba sai ya ƙware ake sa shi cikin ƙungiya ba, tun yana ɗan koyo yake kiɗa da 'yan uwansa, manya na koya wa ƙanana. A wasu cibiyoyin, ƙananan yara da gogen kwali suke farawa, su iya riƙo da zama kafin a damƙa musu na gaske. Wannan dabarar ta burge mu ƙwarai.

Abreu ya san hanyar kuɗi. Ya riƙa nuna wa gwamnatoci cewa aikin nan na ceto 'ya'yan talakawa ne daga zaman banza da ta'asa, don haka kuɗin man fetur bai yanke masa ba duk da sauyin mulki, har zamanin Hugo Chávez. A 2007 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya ba da rancen dala miliyan 150. Ga kuma abin nunawa: Gustavo Dudamel, ɗan tsarin, ya zama jagoran ƙungiyar makaɗan Los Angeles a 2009.

Labarin yana da daɗin rubutawa, shi ya sa muka tsaya duba shi. Matasan garejin ɗaliban kiɗa ne, ba yaran da aka tsinto a titi ba. Dudamel kansa ɗan gado ne, mahaifinsa makaɗi, mahaifiyarsa malamar waƙa. A 2014 wani ɗan Ingila, Geoffrey Baker, ya fitar da littafi bayan ya yi bincike a ƙasar, yana ƙorafi kan tsananin horo da yadda ake zuzuta batun talauci. Magoya bayan tsarin suka yi masa ca.

Sai kuma binciken da bankin nan da ya ba da rance ya ɗauki nauyi ya fito. Ya nuna yaran sun samu ƙarin natsuwa, musamman maza da suka taso cikin tashin hankali. Amma cikin yaran da aka bincika, kusan kashi 17 cikin 100 ne kawai 'ya'yan matalauta, alhali a jihohin da suke zaune talauci ya kusa kashi 47.

Mu dai ba mu ga abin mamaki ba. Ko da koyarwa kyauta ce, akwai kuɗin mota, akwai wanda zai raka yaro ya dawo da shi, kuma yaron da ke taya iyayensa neman abinci da yamma ba shi da sa'o'in atisaye. Abreu ya rasu a 2018, tsarin kuwa yana ƙarƙashin ofishin shugaban ƙasa tun 2011.