Kwalbar Jini: Daga Faris Zuwa Arewa

A shekarar 1879 Louis Pasteur ya ɗebi jinin matan da zazzaɓin bayan haihuwa ya kwantar a Faris, ya raine shi a ruwan romo, sai ga ƙwayoyin cuta sun hayayyafa a jere. Wannan ya nuna cewa cuta na shiga jini, kuma ana iya kama ta a ga irinta. Wajen 1970 aka fara samun na'urar BACTEC a Amurka, wadda ke lura da kwalaben rainon jini da kanta.

Aikin ba ya son ganganci. A goge fata sosai, in ba haka ba ƙwayoyin fata su shiga kwalba su ɓata sakamako. A ɗebi jinin da ya isa, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga babba, kafin a fara ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sannan kwalbar ta kwana kamar biyar cikin ɗumi daidai na jikin mutum, ba tare da an ɗauke wuta ba.

A Nijar, binciken da ya buɗe ido shi ne na cibiyar bincike ta Epicentre a Maraɗi tsakanin 2007 da 2008: cikin yara 311 masu tamowa mai tsanani da aka kwantar, kashi 17 cikin 100 an sami ƙwayoyin cuta a jininsu. A 2017 kuma taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri kan gubar jini, wato tsananin cutar da ke shiga jini.

To, ina garinmu Geceme a wannan tarihi? Mai zazzaɓi a nan gwajin cizon sauro ake fara yi masa, kuma haka ya dace, don da damina shi ne babban mai kisa. Matsalar tana inda gwajin ya ce babu, jiki kuwa na ci gaba da zafi. Kafin a tura shi Dogon Dutsi ko Doso, sau da yawa ya riga ya sha kafso daga masu tallar magani, mai yiwuwa jinin ba zai nuna komai ba ko da an sami kwalbar. Sai a koma ga gwajin Widal na taifot, wanda tun 1896 yake, kuma yakan yi ƙarya.

Kwalabe da lantarki haƙƙin hukuma ne. Namu, jama'ar Arewa, mu daina shan kafso kafin mu ga likita.